Kabarin da Ya Kalli Alƙibla

Ranar Asabar da sassafe, kafin a buga ƙarfen shiga aji, Anjelina mai shara ta zagaya bayan ajujuwa da tsintsiyarta, ta tarar da kabarin Mama Rejina a buɗe. An jingine gicciyen katako da bango, an tara ƙasa gefe guda, ramin kuwa wayam, ko ƙashi ɗaya babu. A bakinsa Jatau mai gadi ne tsaye da shebur, yana mayar da ƙasa. Anjelina ba ta yi ihu ba. Ta ja da baya har ta isa bishiyar dalbejiya, ta kama buga ƙarfen motar da ke rataye a jiki, ba ta daina ba sai da unguwa biyu suka taru.

Makarantar ta Kirista ce, mai zaman kanta, a ƙarshen garin Jabal Awliya da ke kudu da Khartoum, tsakanin bukkokin mutanen kudu da yaƙi ya koro da unguwarmu ta Hausawa masunta. Ajujuwa shida na laka, coci mai rufin kwano, shi ke nan. Mama Rejina, wata malama daga Juba, ita ta kafa ta, ta kuma rasu a shekarar babbar ambaliya, ana saura shekara guda soja su hau mulki. Makarantar ba ta da takardar fili. Shekara uku kafin wannan rana katafila ta zo ta share bukkokin da ke kewaye, amma da direban ya iso bangon baya ya ga kabari, sai ya kashe inji ya ce shi ba ya taka mamaci. Tun daga ranar kowa ya san wannan tudun ƙasa ne ke riƙe da makarantar.

Kafin hantsi an gama yanke hukunci a bakin ƙofa: Fallata sun sace ƙashin Kirista za su yi tsafi. Fallata shi ne sunan da ake kiranmu da shi a nan, kuma mun saba da wannan magana har ta daina ba mu mamaki, sai dai haushi. Mutumin da ya zo jiya a ɓoye neman rubutun sha, shi ne yau yake rantsuwa ya san halinmu. Jatau kuwa bai taimaki kansa ba. Shekara goma sha biyu yana gadin wurin, aka tambaye shi da Larabci, aka tambaye shi da Hausa, ya ƙi cewa uffan. Shawish Hamid, babban ɗan sandan garin, ya kulle shi, ya kuma faɗa a fili cewa magana ta kai Khartoum, gobe Lahadi da la'asar motar mutanen tsaro za ta zo ɗaukarsa. A waɗancan shekarun, wanda ya shiga wannan mota ba a tambayar ranar dawowarsa.

*

Kande, matar Jatau, ita ta je bakin madatsar ruwa ta samo Malam Uwaisu yana ɗinkin komar kamun kifi. Uwaisu tsoho ne siriri, mai ido ɗaya da rabi, don yanar ido ta fara rufe na hagu. Shekara talatin ya yi a gonakin audugar Jazira yana bin sawun ɓarayin shanu, bai zo Jabal Awliya ba sai bayan ambaliya. Ba ya duban fuskar mutum in yana magana, ƙafarsa yake duba, abin da ya sa mutane da yawa ba sa son zama kusa da shi.

"Malam, ka taimake ni," in ji Kande. "Gobe za su tafi da shi."

"Shi ya tona?"

"Ba shi ba ne."

"To me ya sa yake rufewa?"

Kande ta gyara lulluɓinta, ta ce, "Wannan sai ka tambayi ƙasa."

Uwaisu ya dubi ƙafafunta. Babban yatsanta na dama na tona yashi, yana mayarwa. Ya ce, "Kin san sharaɗina, Kande. Abin da na gani shi zan faɗa, ko a kan wa ya faɗo."

"Na sani, Malam. Shi ya sa na daɗe a hanya."

*

Shawish Hamid ya yi abu ɗaya na hankali: ya sa an kife tasoshin wanki a kan sawun da taro bai tattake ba, kamar yadda ake yi kafin mai bin sawu ya iso. Sai farfajiyar bayan ta cika da tasoshi a kife, guda tara ko goma, rana na dukan bayansu. An sallami yara. Ajujuwa na buɗe, alluna ɗauke da rubutun shekaranjiya, ba motsin komai sai ƙarfen dalbejiya da iska ke kaɗawa yana ƙara a hankali shi kaɗai.

Uwaisu ya tuɓe takalmansa, ya riƙa ɗaga tasoshin ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin uku sawun Jatau ne. Ƙarƙashin biyu, kusa da bangon baya, markub ne, takalmin fata na masu hali, da ramin turke a gefensa. Sauran duka takalmin taya ne, irin wanda rabin garin ke sawa, ƙafar dama na ɗan jan ƙasa. A kan tulin ƙasar da aka tono ya ga sawun kurciyoyi, kuma kurciya ba ta kiwo sai da ido na gani.

"Da rana aka yi aikin nan, ya shawish," ya faɗa da Larabci. "Jiya Juma'a, makaranta a rufe, mai gadi yana masallaci."

"Mai gadi ya ƙi faɗin inda yake, ya hajj," in ji Hamid. "Kuma ni da shebur na kama shi."

Uwaisu ya tsuguna a wajen kan kabarin. Nan akwai shatar wani abu mai kusurwa huɗu, kamar akwatin ƙarfe da aka ajiye. Kusa da shi gwiwa ɗaya ce ta nutse a ƙasa, ta hagu, ƙafar dama kuwa an miƙe ta gefe. Gwiwar ta yi zurfi, mai ita ya daɗe a wurin. Ya bi sawun tayar zuwa ƙofar baya, ya dawo, ya sake bi. Ya sa yatsa a sawun shiga, ya sa a na fita.

Daga nan ya sauka cikin ramin. Mutane na leƙe ta kan bango. Ya daɗe a ciki, yana shafa gefe da gefe da tafin hannu. Ya ɗebi ƙasar ƙasan ya shinshina, ya ɗanɗana a harshe. Da ya miƙe, kansa kaɗai ke waje, sai ya juya ya dubi hasumiyar masallacinmu, ya sake duban tsawon ramin, ya sake duban masallacin. Waɗanda suka ga fuskarsa a lokacin sun ce kamar sanyi ya kama shi, alhali ana zafin da ƙarfe ba ya taɓuwa.

"Ka ga wani abu?" Hamid ya tambaya.

"Ban gama gani ba," in ji Uwaisu.

*

Ustaz Santino, shugaban makarantar, yana zaune a ofis da hannu a ka. Dogo ne mai tabarau, shekara huɗu ke nan da zuwansa, bai taɓa ganin Mama Rejina ba sai a hoton da ke bango.

"Wa ya binne ta, ya ustaz?"

"Abuna, wato limamin cocinmu na wancan lokaci, da mai gadi. Haka aka gaya mini. Mutanenmu duk sun watse saboda ruwa, sun dawo suka tarar da kabari. Abunan kuma an kore shi daga ƙasar." Ya cire tabarau ya goge. "Na ci abinci kwano ɗaya da Jatau, ya hajj. Ban san abin da zan ce wa yara ba."

"Ku in za ku binne mutum, ina kuke juya shi?"

Santino ya dube shi da mamaki. "A akwati muke sawa, a rigingine. Me ya kawo wannan?"

"Tambaya ce kawai. Wa ke shiga ta ƙofar baya?"

"Mai shara, da mai karon ruwa, wancan amalanken jaki. Sai kuma mutanen lajna, su da ba sa neman izini."

*

Lajna ita ce kwamitin unguwa da gwamnati ta kafa, shugabanta kuma Salahuddin ne, ɗan kasuwa mai shago a Kasuwar Libiya, wanda ya daɗe yana cewa garin na buƙatar tashar mota daidai inda makarantar take. Mu da yawa mun so a ce shi ne, ni ma har da ni. Uwaisu ya same shi a ƙofar gida yana shan shayi, markub na fatar damisa a ƙafa.

"Na shiga, ranar Alhamis," in ji Salahuddin, ko gezau. "Na kafa turke na auna. Aikina ne. Amma ni in tona kabari? A'uzu billahi. Ba na buƙata ma. Yanzu da babu kowa a ramin, rami ne kawai, katafila ba ta tsoron rami."

Uwaisu ya dubi tafin hannunsa lokacin da ya miƙo kofi. Hannu ne mai laushi, bai taɓa riƙe shebur na sa'a guda ba. Ya kuma lura da yadda ya durƙusa ya jawo buta, gwiwoyinsa biyu lafiya lau. Ya sha shayin ya yi godiya, ransa a ɓace, don ya fi son a ce wannan ne.

*

Ya sami mai karon ruwa a wurin famfo, yana cika gangar da ke bayan jakinsa. Sunansa Taban, mutumin kudu ne mai kimanin shekara talatin da biyar, wata biyu da zuwansa garin, ba ya hira da kowa. Uwaisu ya zauna a inuwa ya zuba masa ido. Da Taban ya zo ɗaure bututu a ƙarƙashin ganga, sai ya sauka a kan gwiwar hagu, ya miƙe ƙafar dama gefe. A ƙarƙashin mazaunin karon akwai akwatin ƙarfe shuɗi, an lulluɓe shi da buhu.

"Harsashi ne?" Uwaisu ya nuna gwiwar.

Taban ya ce, "Soja suka ɗebe ni da ƙarfi. Da na warke ban koma ba."

"Akwatin nan ka shiga da shi ba nauyi, ka fito da shi ba nauyi. Na auna sawunka, zurfinsu ɗaya. Mai tsafi buhu yake kawowa, kuma ba ya durƙusa sa'a guda a kan kabari. Mece ce ita a wurinka?"

Ruwa ya cika ganga ya fara zuba, Taban bai rufe famfon ba. Ya jawo akwatin ya buɗe. Farin yadi ne sabo a ninke a ciki, da ƙaramin gicciye.

"Uwata ce. Ina Juba ta rasu, ban ji ba sai bayan shekara biyu. A wurinmu mutum a bayan ɗakinsa ake kwantar da shi, kusa da iyayensa. Na zo in kai ta gida. Ba ni da takarda, ba zan iya neman izinin kowa ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na tona har hannuna ya fashe, ya hajj. Babu ita. Tun jiya ba na iya rufe ido, ina ganin kamar ta tashi ta tafi nemana ne muka saɓa a hanya. Wa ya riga ni?"

"Ba wanda ya riga ka," in ji Uwaisu. "Rufe famfon, ka biyo ni."

*

Kande na zaune a tsakar gida, tukunya a kan murhu ba wuta. Da ta ga wanda ke bayan Uwaisu sai ta miƙe tsaye, ta dafa bango. Daga baya ta ce goshin Rejina ta gani ya shigo mata gida.

"Kande," in ji Uwaisu da Hausa, "na shiga ramin. Daga kamu biyu zuwa ƙasa, laka ce da ba a taɓa tonawa ba sai jiya. Ba ruɓaɓɓen katako, ba ƙusa, ba warin mutum. Sannan kabarin Kirista ne, amma an shimfiɗa shi yana kallon alƙibla daidai da sahun masallacinmu. Hannun da ya saba yi wa Musulmi kabari ne ya ja wannan tudun, bai ma san ya yi ba. Ina kuka kai ta?"

Kande ta zauna a ƙasa. Ta yi maganar da Larabci saboda baƙon.

"Kwana na uku da ruwa ta rasu, a ɗakin nan, a kan gadon nan. Makaranta ruwa har ƙirji. Abuna yana Khartoum, hanya ta yanke, mutanenta duk sun gudu tudu. Gawa ba ta jira a wannan zafi. Wuri ɗaya ne ruwa bai kai ba, maƙabartarmu. Ni na wanke ta, ban san wankan ku ba, na yi mata namu. Jatau da wasu dattawa biyu, Allah ya jiƙansu, suka kai ta can ƙarshe, wajen wata ƙaya. Da Abuna ya zo a kwalekwale ya ji, sai ya tsorata. Ya ce in mutane suka sani za a tono ta a jefar, mu kuma a ƙone mana gida. Shi ya ce Jatau ya ja tudu a makaranta a kafa gicciye. Daga baya da katafila ta tsaya a kansa, sai ya zama ba mu isa mu buɗe baki ba."

"Shi ya sa yake rufewa," in ji Uwaisu.

"Yara ɗari biyu ne a makarantar, Malam, har da jikokinmu. Ya ce mini in ya faɗa, Salahuddin zai kawo katafila kafin sati. Ya ce gara motar." Sai a nan ta yi kuka, ba da ƙarfi ba. "Ni kuma ban yarda da gara motar ba."

Taban yana tsaye bai motsa ba. Ya ce, "Hajja, ana zuwa wurinta?"

"Duk Juma'a nake zuba mata ruwa, ɗana. Shekara bakwai."

Uwaisu ya miƙe yana kakkaɓe riga. Tausayin su ukun ya kama shi, kuma bai ga hanyar da za ta fitar da su duka ba. Ya ce wa Taban, "Da la'asar za a share yashi, kowa ya taka. Zan nuna sawunka, don ban taɓa nuna na wani a madadin na wani ba. In kana son gudu, lorin Kosti na tashi kafin la'asar. Amma in ka gudu, gobe mijin matar nan zai shiga mota."

*

Da la'asar aka share farfajiyar gaba, aka ja ta da katako har ta yi sumul. Mutanen kudu suka tsaya gefe guda, mu muka tsaya ɗaya gefen, ba mai duban wani. Shawish Hamid ya jera mutum bakwai: Jatau da ankwa a hannu, Anjelina, Ustaz Santino, malamai biyu, Salahuddin da ya zo yana ta ƙorafi, sai na ƙarshe, mai karon ruwa. Bai gudu ba. Aka juya wa Uwaisu baya suka taka yashin ɗaya bayan ɗaya, kowa da layinsa.

Da ya juyo, ya bi layukan a hankali, hannu a baya. Ya wuce na Jatau ko tsayawa bai yi ba, sai aka ji numfashin ɓangarenmu ya sauka gaba ɗaya. Ya tsaya a na Salahuddin, ya daɗe fiye da yadda ya kamata, kuma na tabbata da gangan ya yi. Sannan ya je layi na bakwai ya kafa sandarsa.

"Mai wannan sawun ne ya tona, jiya da rana, shi kaɗai."

Ɓangaren mutanen kudu ya ɗauki guna-guni. Ustaz Santino ya cire tabarau. Salahuddin kuwa ya matso, don shi ba wanda ya tona ne damuwarsa ba.

"Kwayyis, ya yi kyau. To ƙasusuwan fa, ya hajj? Kai da kake auna nauyin mutum a yashi, ya fita da kaya ko bai fita da kaya ba? Ka faɗa a gaban jama'a."

"An kira ni in nuna wanda ya tona, na nuna."

"Tambayarka nake."

Uwaisu ya dubi ƙasa. Jatau ya rufe ido. Iska ta taso ta kaɗa ƙarfen dalbejiya, ya yi ƙara sau ɗaya, wata tsohuwa a cikin mutanen kudu ta yi alamar gicciye. Kowa ya san tsohon ba zai yi ƙarya ba, Uwaisu kuma ya buɗe baki zai yi magana ke nan sai Taban ya tako cikin yashin da aka share.

"Ni ɗanta ne. Taban ɗan Rejina. Ni na tona, don in kai ta Juba. Mai gadi bai san komai a kan tonon ba. Na san inda ƙasusuwan uwata suke, suna wurin da ba wanda ya taɓa su. Gobe kafin la'asar zan kawo ta nan, a kwantar da ita a makarantarta."

Anjelina ta matso ta leƙa fuskarsa, ta sa hannu a baki. Shawish Hamid ya nemi takardarsa, Taban ya ce ba shi da ita, ya kuma faɗi dalili. Hamid ya daɗe yana shafa gashin baki. Ya ce shi ba zai bi ɗa zuwa wurin ƙashin uwarsa ba, amma mai gadi zai ci gaba da zama a kulle har sai ya ga abin da ido. Ya ƙara da cewa, a hankali, motar da za ta zo ba ta saba komawa babu kowa a ciki ba.

*

Ranar Lahadi da tsakar rana, lokacin da zafi ke korar kowa ɗaki har karnuka, su uku suka shiga maƙabartarmu: Uwaisu, Taban, da Kande da ta tsaya daga nesa tana nuna ƙayar. Ba su sha wahala ba. Tana nan kwance a kan gefenta na dama, cikin ragowar likkafani. Taban ya ɗauke ta gaɓa-gaɓa ya jera a farin yadin, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da harshensu. Uwaisu ya mayar da ƙasa, ya share sawunsu da reshe, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Daga maƙabarta hanya ta rabu biyu. Ta dama ta nufi makaranta, ta hagu ta hau titin Kosti, wanda ke gangarawa kudu. Uwaisu ya ce ƙafarsa na ciwo, ya zauna da Kande a gindin bango, suka bar Taban ya ja karon shi kaɗai. Kande ta so ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Sai da karon ya ɓace musu suka tashi.

A mararrabar Uwaisu ya tsaya ya karanta. Jakin ya tsaya a nan, ya daɗe har ya yi kashi. Takalmin taya ya sauka, ya yi taku goma sha ɗaya zuwa hagu, da nauyi a hannu, sawun ya nutse sosai. A taku na goma sha ɗaya akwai shatar akwati, da gwiwar hagu a gefensa.

"Malam, ina ya bi?" Kande ta tambaya.

"Ya dawo," in ji Uwaisu. "Dama ya bi."

*

Shawish Hamid ya buɗe akwatin a gaban Salahuddin, ya rufe, ya cire wa Jatau ankwa. Salahuddin ya tafi bai yi wa kowa sallama ba. Ustaz Santino ya kawo littafin addu'arsu, yara suka jeru da fararen riguna. Jatau ya ɗauki sheburinsa zai gyara ramin, sai ya tsaya, kunya ta kama shi. Ya matsa kusa da Taban ya ce a hankali, "Ɗana, wancan karon na karkata shi irin namu, ban sani ba. In kana so in juya shi yadda kuke yi, yanzu zan juya."

Taban ya dubi tsawon ramin. "A haka, kanta ina zai kasance?"

Jatau ya nuna da shebur. "Wajen kudu."

"To bar shi haka, Baba."

Suna cikin mayar da ƙasa motar ta iso, fara, ba lamba, ta tsaya a ƙofa injinta na aiki. Ba wanda ya fito daga ciki. Taban ya gama zuba rabonsa na ƙasa, ya durƙusa a wajen kan kabarin, ya miƙa wa Jatau igiyar jakinsa, ya tafi wurin motar da ƙafarsa. Yara suna waƙa har motar ta hau titi, ta juya arewa.

Makarantar tana nan har yau. Taban kuwa ba mu sake jin labarinsa ba, ko da yake Ustaz Santino ya yi ta zirga-zirga Khartoum har ya gaji. Da jama'a suka watse a ranar, Kande ta je gida ta ɗauko tasar wankinta, ta kife a kan shatar gwiwar Taban da ke bakin kabarin. Uwaisu ya gaya mata sawu ba ya wuce kwana uku ko an rufe shi, ta ce ta ji. Duk Juma'a in ta zo zuba ruwa sai ta ɗaga tasar ta duba, sannan ta mayar.